Waƙar Malaika Da Kaset Ɗin Goggo

 Na san kun saba in kun buɗe wannan fili ku tarar da zancen girki, ko renon yara, ko tsabtar gida. Yau ku yi mini haƙuri, labarin wata waƙa na zo muku da shi. Waƙar ba ta Hausa ba ce, ba kuma a ƙasarmu aka yi ta ba, amma ta riga ni shiga gidanmu, kuma a watan jiya har ta sa baki cikin maganar aurena. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku tarihinta kamar yadda na bi shi.

Goggona, watau yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Mace ce marar yawan magana, ba ta zuwa biki sai ya zama tilas, ba ta kuma sauraron kiɗa. Amma in tana tankaɗe, ko tana tsintar shinkafa da la'asar, sai ki ji tana wani ɗan amo a maƙogwaro, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Kalma ɗaya tak muke ganewa a ciki, ita ce mala'ika. In muka dame ta da tambaya sai ta ce, "Waƙar mala'iku ce, ku tashi ku ba ni wuri." Mu kuwa muka ɗauka wata ƙasida ce irin ta wa'azi. Har na taɓa yi wa malaminmu na allo alfahari, na ce goggona ta iya waƙar mala'iku da Larabci. Ya ce in rera ya ji. Na rera iyakar abin da kunnena ya kama. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yarinya, ko wane harshe ne wannan, ba Larabci ba ne. Koma ki wanke allonki."

Sai da na shiga shekara ta biyu a kwalejin horon malamai sa'an nan asiri ya tonu. Wata rana da dare ina kwance a ɗakin kwananmu, sai na ji amon nan na Goggo yana fitowa daga wayar wata abokiyar karatuna. Na yi wuf na tashi na ce, "Ke, ina kika samo waƙar goggona?" Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai wannan Miriam Makeba ce, duniya duka ta san ta. A daren nan ban yi barci ba sai da na nemo fassararta.

Ashe da harshen Swahili aka yi ta, harshen da ake yi a Kenya da Tanzaniya da sauran ƙasashen gabashin Afirka. Sunanta Malaika. Dalilin da ya sa muka gane kalmar shi ne, mu da masu Swahili duk a wuri ɗaya muka aro ta, watau wajen Larabawa. Sai dai su sukan kira yarinya kyakkyawa ko ƙaramin yaro da wannan suna don nuna ƙauna, abin da mu ba mu cika yi ba. Ba ruwan waƙar da mala'ikun sama. Wani saurayi ne yake kuka, yana son yarinya, yana son ya aure ta, amma ba shi da abin hannu. Shi ke nan duk abin da ke cikinta. Ba zagi, ba habaici, ba batsa. Talaka ne ya zauna yana lissafin abin da ya fi ƙarfinsa.

To, ga yadda aka yi ta shiga faifai.

A shekarun 1950 birnin Nairobi ya cika da samari waɗanda suka baro ƙauyukansu suka zo neman aiki, ƙasar kuwa tana hannun Turawan Ingila. Jita ita ce abin yayi a lokacin. Samarin nan sukan saurari faya-fayan kiɗan rumba na ƙasar Kuba, da na makaɗan Kwango irin su Jean Bosco Mwenda, sai su kwaikwaya, su haɗa da abin da suka taso da shi a gida. Cikinsu akwai wani yaro ɗan ƙasar Taita, ana kiransa Fadhili William, wanda aka haifa a 1938. Yana cikin wata ƙungiyar makaɗa mai suna Jambo Boys, kuma tare da su ne aka fara sa Malaika a faifai, wajen shekarar 1960. Ba a daɗe ba ya sāke ɗaukarta a wani gidan ɗaukar faifai da ake kira Equator, na wani Bature ɗan Ingila mai suna Charles Worrod. Daga nan ta bazu a rediyo.

Ku 'yan makaranta da kuka taso kuka ga waƙa a cikin waya, bari in ɗan gaya muku yadda aikin yake a da, gama in ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da ya sa waƙoƙin zamanin nan gajeru ba ne. Tsohon faifan garmaho da wani irin ƙaro ake yinsa, wanda ake samu daga jikin wani ƙwaro a Indiya da maƙwabtanta. Yana da nauyi, in kuwa ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan, kamar tangaran. Yakan juya sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da wajen minti uku. Allurar ƙarfe ake ɗora masa, ita ma ba ta jimawa take dakushewa a canja wata. Daga baya ne aka kawo ƙaramin faifan roba mai juyawa sau 45. Wajen ɗauka kuwa, duk makaɗa da mawaƙi sai su taru a ɗaki ɗaya su yi gaba ɗaya. In mai jita ya yi kuskure a ƙarshe, sai kowa ya koma farko. Saboda haka duk baƙin cikin da ke zuciyar mutum, tilas ya ƙulle shi cikin minti uku, ya kuma faɗe shi daidai tun daga fari har ƙarshe.

Na saurari ta Fadhili sau da yawa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ba ta da sanyin nan da na saba ji a bakin Goggo. Kiɗanta yana da ɗan sauri, jita tana tsalle, irin wanda samari za su iya takawa ran Asabar da dare. Muryarsa ta yaro ce, siririya. Kuma masu bin tarihin waƙar sun lura baitoci biyu ne kawai a faifansa na farko. Baitin nan da ya kama sunan kuɗi ƙarara, wanda yanzu kowa ya fi sani, a faya-fayan baya aka fara jinsa.

Ran 12 ga Disamba 1963 Kenya ta sami mulkin kai. Cikin baƙin da suka zo bikin har da Miriam Makeba, da wani mashahurin mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka, Harry Belafonte. Ita Makeba 'yar Afirka ta Kudu ce, an haife ta a Johannesburg a 1932. A 1960 mahaifiyarta ta rasu tana ƙasar waje, ta nemi ta koma gida jana'iza, sai ta tarar gwamnatin wariyar launin fata ta soke mata fasfo. Ba ta sāke taka ƙasarsu ba sai 1990. Ku duba fa, shekara talatin mace ba ta ga gidansu ba. In irin wannan mace ta buɗe baki ta yi waƙar rashi, ai ba sai an fassara wa mutum ba.

A 1965 ita da Belafonte suka fitar da babban faifai a Amurka mai suna An Evening with Belafonte/Makeba, suka sa Malaika a ciki, suka rera ta tare. Suka rage mata sauri ƙwarai, suka cire mata tsallen nan na samarin Nairobi, ta koma kamar addu'a. Faifan ya ci lambar Grammy a 1966, wadda ita ce babbar lambar girma ta mawaƙa a Amurka. Daga nan waƙar ta fita hannun masu ita. Ba Makeba ba Belafonte, babu wanda Swahili ne harshen uwarsa, amma a bakinsu yawancin mutanen duniya suka fara jinta. Makeba ta ci gaba da rera ta ita kaɗai duk inda ta je, har ƙarshen ranta a 2008, kuma takan gaya wa masu sauraro cewa waƙa ce daga Tanzaniya. Mutanen Kenya ba su ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan.

Bayan haka sai kowa ya miƙo hannu. Pete Seeger na Amurka ya rera ta. A 1967 waɗansu samari Turawa 'yan ƙasar Suwidin, masu suna Hep Stars, suka je Kenya don su yi fim. Fim ɗin bai yiwu ba, kuɗinsu ya tafi a banza, amma suka sa Malaika a faifai, ta kuwa zama ta ɗaya a ƙasarsu. Ɗaya daga cikinsu, Benny Andersson, shi ne daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ABBA. A 1981 ƙungiyar Boney M ta ƙasar Jamus ta mai da ita kiɗan rawa sosai, da ganguna da amshi, har ki rantse waƙar murnar biki ce. Ni dai wannan ba ta kwanta mini ba. Yaya mutum zai ce ya rasa matar aure don talauci, a kuma bi shi da tafi? Sa'an nan a 1991 Angélique Kidjo, 'yar ƙasar Benin maƙwabciyarmu, ta sa ta cikin faifanta mai suna Logozo, ta mai da ita kan sanyinta, murya da jita ba hayaniya. In ba ta Makeba ba, ita na fi so.

To, da waƙa ta yi kuɗi sai rigima ta tashi, kamar dai yadda akan yi in gona ta yi kyau. Wa ya ƙaga ta?

Fadhili William ya ce shi ne, kuma a kan haka ya tsaya har ya rasu a 2001. Ya ce wata yarinya ya so tun yana ɗan makaranta, bai iya biyan abin da ake nema ba, aka aurar da ita ga wanda ya fi shi. Sunansa ne kuma aka fi rubutawa a kan faya-fayai, don shi aka san ya shiga da ita gidan ɗauka. Amma Charles Worrod, mai gidan Equator, ya ce wani ne mai suna Grant Charo ya yi ta. Mutanen Tanzaniya kuma suka ce duk ba haka ba ne, wani mutumin Tanganyika ne, Adam Salim, ya yi ta a 1945 sa'ad da yake zaune a Nairobi, ya yi ta rerawa a wuraren wasa tun Fadhili yana ɗan shekara bakwai. Shi ma labarinsa ɗaya ne: ya so yarinya, iyayenta suka ƙi, suka ba wani attajiri.

Wannan rigima ba baƙuwa ba ce gare mu. Waƙoƙin niƙa da na daɓe da na gaɗa da iyayenmu mata suka yi ta yi, wa ya san wadda ta fara su? Ana nan sai ki ji wani ya ɗauka ya sa a faifai da sunansa, kuma daga ran nan ta zama tasa, don takarda ba ta san wanda ya riga rerawa a tsakar gida ba, wanda ya riga sa hannu ta sani.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai dabam ne. Maza uku suna jayayya a kan waƙa, ƙasashe biyu suna ja-in-ja, an ɗauke ta a Nairobi, an ɗauke ta a Amurka, da Suwidin, da Jamus. Duk cikin wannan, a waƙar kanta ba a ji bakin yarinyar ba. Ko sa'ad da mata suka rera ta, maganar saurayin suke maimaitawa. Faifai gefe biyu gare shi, amma ba wanda ya juya ya sa amsarta a ɗaya gefen. Shin ta so shi? Shin da ta yarda ta jira? Shin ita ce ta ce sai an kawo dukiya, ko kuwa a kanta aka yi ciniki tana ɗaki?

Wannan tunani bai zo mini don ina da hikima ba. Goggo ce ta sa mini shi.

Da na zo hutu a shekarar nan, sai na zauna kusa da ita tana gyaran wake, na ce, "Goggo, ashe waƙar nan taki ba ta mala'iku ba ce." Ina tsammani za ta yi mamaki, in sami abin koya mata, ni mai ilmin kwaleji. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani." Na ce, "Kin san ma'anarta?" Ta ce, "Tun ubanki bai fara aske gemu ba." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya. Haka maganar ta kwanta har shekara huɗu.

A bana ne wani malamin firamare, muna aiki a gari ɗaya, ya aiko magabatansa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, amma kun san albashin malami. Sadaki bai zama abin damuwa ba, gama malamai sun gaya mana mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, kuma haƙƙin amarya ne, ita ke da ikon ta sauƙaƙa. Inda gizo ke saƙar shi ne lefe. Matan danginmu suka zauna suka tsara: akwati shida, da atamfofi da leshi da ba zan iya lissafa muku ba, da sarƙa, da kayan na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwar uwa da uba. Suka ce 'yar wance da aka yi bara shida aka kawo mata, tamu kuwa ga ilmi, ba za ta kasa ba. Ba wanda ya kira ni wajen zaman. Ina ɗaki ina jin muryoyinsu ta taga.

Da lissafin ya kai masa sai ya ɗauke ƙafa. Mako biyu ban gan shi ba. Sa'an nan ya aiko mini da dogon saƙo a waya, mai daɗin karantawa, wai ni ba sa'arsa ba ce, wai ba ya son ya tsare mini hanya, wai Allah ya haɗa ni da wanda ya fi shi. Na karanta na yi kuka, har na ga kamar wani abin girma ya yi. A cikin kwanakin kuma aka fara kawo zancen wani ɗan kasuwa mai mota.

Goggo ta ga idona ya kumbura. Bayan sallar lisha ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta jawo tsohuwar kwallarta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwan da ke ciki, ta fito da wani kaset. Takardar jikinsa ta yi ja, rubutun ya kusa gogewa. Ta ce, "Ga mala'ikunki."

Ta ce a 1977 ne, shekarar da aka yi bikin FESTAC a Ikko, wanda Makeba ma ta zo ta yi waƙa. Ita tana 'yar shekara goma sha tara. Wani saurayi ne yake nemanta, ɗalibi a Zariya, ɗan talakawa. Wani abokin karatunsa ɗan gabashin Afirka ya fassara masa waƙar, shi kuma ya fassara mata wata rana a zaure, suna dariya, ba su san kansu ake faɗa ba. Da aka yanka masa abin da zai kawo, sai ya ɓace. Bayan wata ɗaya ƙanensa ya kawo mata wannan kaset. Ya ari faifai da rikoda, ya ɗauki waƙar nan ita kaɗai, in ta ƙare ya sāke, in ta ƙare ya sāke, har gefe biyu suka cika. Ba wasiƙa, ba sallama. Ita ce ɗaukar Malaika da ba ta cikin tarihin kowa, amma ita ce ta shigo da waƙar gidanmu.

Aka aurar da ita ga wani ɗan kwangila, mijinta ke nan marigayi, wanda na taso a gidansa. Na ce, "Goggo, ashe kin sha wuya." Ta ce, "Kul, kada ki ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare, bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Allah ya jiƙansa." Ta yi shiru, tana juya kaset ɗin a hannu. Sa'an nan ta ce, "Ba iyayena nake jin haushi ba, su abin da suka gada suka yi. Mai kaset ɗin nan nake jin haushi. Ya zauna dare guda yana ɗaukar waƙa, amma bai iya tako ƙafa ya tambaye ni ba. Da ya tambaye ni, da na ce masa zane biyu sun ishe ni, da na je na faɗa wa Inna da bakina. Shi ya yanke wa kansa hukunci, ya yanke mini, ya tafi yana tausayin kansa. Ni kuwa aka bar ni da waƙa."

Wallahi 'yan'uwa, sai na ji kamar an kwance mini wani ƙulli a ka. Na koma na sāke karanta saƙon nan na waya, sai na ga duk tsawonsa babu tambaya ko ɗaya a ciki. Na koma na sāke sauraron waƙar, ita ma haka. Saurayin yana ta kiran yarinya da sunaye masu daɗi, yana ta faɗin abin da ya gagare shi, amma da kansa yake magana. Ba na cewa ƙarya yake yi. Talauci gaskiya ne, iyayen da ke ƙirga akwati su ma gaskiya ne, kuma na san akwai gidan da ko yarinya ta yi magana ba mai saurarenta. Ba na kuma cewa waƙar ta rage daɗi, har gobe in Makeba ta ja baitin farko sai tsikar jikina ta tashi. Sai dai yanzu in ina ji, ina jin wadda ke zaune a ɗaki tana jin ana lissafi ta taga.

Na roƙi Goggo ta bari in nemo rikoda mu sa kaset ɗin. Ta ce zaren ya tsinke tun shekarar da aka haife ni, ta ɗaura shi da ƙyar, ba ta son a sāke taɓawa. Sai na sa mata ta Fadhili William a waya, na ce ga ta farko, ga mai ita, in ji mutanen Kenya. Ta kasa kunne har ta ƙare. Ta ce, "Wannan ai rawa yake yi. Sa mini ta matar." Na sa mata ta Makeba. Ba ta bi ta da amo ba kamar yadda ta saba, ta dai zauna hannu a kan gwiwa har aka gama.

Kashegari da hantsi ta yafa mayafinta, ita da ba ta fita, ta bi gidajen dangi ɗaya ɗaya. Ban san abin da ta gaya musu ba. Na dai ji ƙanwar mahaifiyata tana cewa a tsakar gida, "Yau Yaya ta tuna mana da abin da muka manta muna da shi a baki." Akwati shida sun koma biyu, an soke sarƙa, an bar gaisuwar iyaye yadda ya sawwaƙa. Waɗansu sun yarda da zuciya ɗaya, waɗansu suna ta gunaguni wai za a yi da mu a gari. Baffana babba har yanzu bai ce uffan ba, ga kuma mai motar nan bai janye ba.

Shi kuwa malamin, Goggo ta aika a gaya masa ba ta karɓar saƙon waya. In yana da magana ya zo zaure da ƙafarsa ran Jumma'a bayan la'asar, ya yi mini tambaya ɗaya a gabanta, ya kuma tsaya ya ji amsa. Yau Laraba nake rubuta muku wannan. Ɗan aiken ya dawo ya ce ya ce zai zo. Goggo ta sa an share zauren, ta fitar da sabuwar tabarma, kaset ɗin kuma ta mai da shi cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.